Mai Giya da Mai Ƙafa

A gareji ne kaɗai za ka ji ana kiran dattijo mai furfura, da tabon salla a goshinsa, da sunan "mai giya", ya kuma amsa da fara'arsa. Babu ruwansa da kwalba. Tasa giyar ta ƙarfe ce, akwatin nan da ke manne a jikin inji yana karɓar ƙarfi yana miƙa wa tayoyi. Maƙwabcinsa na rumfa kuwa "mai ƙafa" ake ce masa. Shi ma ba ɗori yake yi wa mutane ba: sifirin, shokozoba, bushin, bol-joyin da duk abin da ya rataye mota a kan tayoyinta, su ne gonarsa. Mai inji shi ya fi suna a gareji, don aikinsa ne ke ƙara da hayaƙi. Amma wanda ya san tuƙi ya san daɗin mota yana hannun waɗannan biyun.

Ranar da na zauna a bencin wani mai giya a Kano, wata tsohuwar Golf 2 ce a gabansa, ja, mai ƙofa biyu. Ba irin ta haya ba ce. Akwai siririn jan layi zagaye da hancinta, da haruffa uku a gefe: GTI. Mai ita saurayi ne, yana tsaye yana zayyana cuta kamar wanda ya kai mahaifiyarsa asibiti. Lamba biyu tana gurnani idan ya sa ta da sauri. Lamba biyar kuma tana tsalle ta koma firi da kanta a kan babban titi.

Ogan bai taɓa sifana ba tukuna. Ya sa yaronsa ya zauna a kujerar direba yana kaɗa sandar giya, inji a kashe, shi kuma ya leƙa cikin bonet yana kallon sandunan da ke kai saƙo daga hannun direba zuwa akwatin. A wannan mota ƙananan robobi da ƙwallayen roba ne ke haɗa sandunan, kuma sau da yawa idan aka ce giya ta lalace, su ne suka cinye. Na san wannan da aljihuna, don an taɓa sauke mini giya sukutum a wani gareji aka ɗaura wata, cutar ba ta tafi ba, ashe robar da ba ta kai kuɗin buhun siminti ba ce ta mutu. Da ogan ya gamsu ba nan matsalar take ba, sai ya kwanta ƙarƙashi da alanki mai lamba 17 ya kwance notin mai. Abin da ya zubo cikin yankakken galan bai cika lita ɗaya ba, alhali lita biyu ya kamata a samu. Ya lakato man da yatsa, ya murza, ya ɗaga shi a rana. Yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinare.

"Samari, ka yi sa'a," in ji shi. "Ruwan zinare ne, zobe ne ke ci. Da ruwan azurfa na gani, da na ce ka je gida ka yi shawara da aljihunka tukuna."

Kafin mu shiga cikin akwatin, ya kamata a san wace irin mota ce wannan da ake wahala a kanta bayan shekara talatin da ɗoriya. A 1974 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf don ta gaji ƙwaro, wadda muke kira Bitil. Wasu injiniyoyin kamfanin suka riƙa haɗuwa a bayan fage suna gwada sa wa ƙaramar motar cefane inji mai zafi da ƙafa mai tauri. Aka nuna abin da suka haɗa a bajekolin motoci na Frankfurt a 1975, aka fara sayarwa a 1976. Injinta lita 1.6, ƙarfin doki 110, nauyinta kilo 810 kacal. Kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 5,000 ne. Kafin a rufe wannan samfuri an sayar da fiye da 450,000. Golf 2 GTI ta biyo baya a 1984, a shekarar da Faransawa suka mayar da martani da Peugeot 205 GTI. Daga baya aka yi mai bawul 16 da ƙarfin doki 139. Sirrin waɗannan motoci ba yawan ƙarfi ba ne, don motar iyali ta yau ta fi su. Rashin nauyi ne, da giya mai lambobi kusa da kusa, da ƙafar da ke gaya wa direba duk abin da taya ke takawa. Shi ya sa idan giya da ƙafa suka tsufa, GTI ta zama tsohuwar Golf kawai mai jan layi a hanci.

A Jamus da Ingila da Amurka sana'ar gyaran giya ta tsaya da ƙafafunta. Akwai masu rumfar da ba sa taɓa komai sai irin wannan giya, ana aiko musu da ita a akwatin katako daga nesa, su gyara su mayar. Masoya motar sun shafe shekaru, daga 1982 har zuwa 2019, suna taruwa a bakin tafkin Wörthersee a ƙasar Ostiriya, kowa na nuna tasa. Mu kuwa hanyarmu da ita daban ce. Golf 2 da Golf 3 sun shigo mana a matsayin 'yan Beljiyam, suka zama jakunan hanya tsakanin Kano, Kaduna, Jos da Katsina, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhuna a but. Amma giyar da ke cikin yawancinsu dangi ɗaya ce da ta GTI, wadda kamfanin ke kira 020. Abin da ke damun Bajamushe mai goge motarsa ranar Lahadi, shi ke damun direban tasha.

Da aka sauke akwatin aka wanke shi da fetur, abu na farko da ogan ya nema shi ne haruffa da lambobin da aka buga a ƙasan kwanson. Su ne takardar haihuwar giya: suna faɗin irinta da ranar da aka ƙera ta. Daga waje duk 020 kama ɗaya suke, amma cikinsu ya bambanta. Ta mai bawul 16, misali wadda aka buga wa 2Y, sandarta ta fi kauri, farantin kuloci na ƙaramar ba ya shiga. Wanda bai karanta ba ya je kasuwar Kofar Ruwa ya sayo kaya, zai koma sau biyu.

Sai aka shimfiɗa buhu mai tsabta a kan tebur. Wannan shimfiɗa ita ce alamar farko da nake gane mai giya na gaskiya da ita. Duk abin da ya zaro, yana ajiye shi a jere yadda ya fito, fuskar da ke kallon inji tana kallon sama: haƙori, zobe, boris, washa, haƙori, zobe. Yaron da ya taɓa jeren nan ba izini ya san abin da zai biyo baya. A cikin kwanson akwai wani ɗan maganaɗisu da aka ajiye don ya kama garin ƙarfe. Ogan ya ciro shi ya nuna mini. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, tsufa ne. Gutsattsari masu kaifi ne abin tsoro.

Zoben da ya ambata na tagulla ne, bai fi awarwaron yarinya girma ba. Aikinsa shi ne ya riƙe haƙorin da za a shiga, ya daidaita gudunsa da na sanda kafin su cije juna, kamar yadda mai hawa mota tana tafiya yake fara gudu a gefenta kafin ya kama ƙofa. Lamba biyu ce ta fi shan wahala, domin ita ake fizga daga ɗaya, ita ake dankara wa mota a kowace kwana. Idan tagullar ta cinye, haƙora sukan haɗu gudunsu bai zo ɗaya ba, shi ne gurnanin nan. Ba da ido ake yanke wa zobe hukunci ba. Ana ɗora shi a mazauninsa a danna, a zura siraran ƙarafan awo masu kama da reza a ratar da ta rage. Sabo yana barin fiye da milimita ɗaya. Idan ratar ta sauko zuwa rabin milimita, ya gama aiki, ko da yana sheƙi.

Lamba biyar kuwa laifin gininta ne. Asalin wannan giya lamba huɗu gare ta. Ta biyar daga baya aka liƙa ta a can ƙarshe, a ɗakinta daban, bayan wani koren murfi. Idan mai ya yi ƙasa, ita ce ta farko da ƙishirwa ke kamawa. Sai ta yi zafi, haƙoranta su side, ta fara tsalle. Yawancin direbobinmu suna canza baƙin mai a kan lokaci, amma man giya sai ranar da ta yi kuka. Kuma ba kowane mai ba: mai lamba GL-4 ake so, don wasu mayukan da aka yi wa manyan aksul ba sa shiri da zoben tagulla. Wani abin mamaki a wannan giya shi ne sandar da ke tura kuloci ta tsakiyar babbar sanda take ratsawa, kamar tsinke a cikin kara. Akwai ɗan sil da ke tare mai a wurin. Idan ya mutu, man giya ya bi ramin ya jiƙa farantin kuloci. Kuɗinsa ba shi da yawa, amma mai giyar da ya buɗe akwati ya rufe bai canza shi ba, ya shirya wa mai mota dawowa ne.

Babbar cutar 020 tana can ƙasa. Akwai wani babban haƙori mai zagaye da ke juya abin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba biyu, kuma da ribiti kamfani ya ɗaure shi, ba da noti ba. Shekaru da fizga suna sa kan ribiti ya karye. Guntun ya faɗa tsakanin haƙora, ko sandar ribitin ta zame waje ta riƙa sassaƙar kwanson alminiyam daga ciki har ta huda shi. Direba yana tafiya sai ya ga kuloci yana sulɓi, mai na zuba, aiki ya riga ya gama. Turawa masu wannan mota har suna suka raɗa wa cutar, wai giya mai sassaƙa kanta. Maganinta sananne ne: a huje ribitocin duka a fitar, a sa ƙusoshi masu zare na ƙarfe mai ƙarfi da notinsu. Kamfanin ARP na Amurka yana sayar da su a ƙunshi ɗaya. A ganina duk wanda ya buɗe 020 ya bar ribiti a ciki, rabin aiki ya yi.

Daga nan ne gyara ke zama ƙari, kuma a nan kuɗi ke magana. Mai son shan kwana da wuta yana cire abin raba ƙarfin nan ya sa wanda ba ya barin taya ɗaya ta yi ta juyawa a banza. Na kamfanin Quaife na Ingila da na Peloquin na Amurka su ne suka yi suna. Da haƙora masu murɗe suke aiki, suna tura ƙarfi ga tayar da ta fi kama ƙasa. Mai doguwar tafiya kuma yakan canza haƙoran lamba biyar, daga 0.89 na GTI zuwa 0.75, sai juyin inji ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida a kan babban titi, ƙara ta ragu, shan mai ya ragu. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi sosai yakan haƙura da 020 gaba ɗaya ya koma babbar yayarta 02A, wadda ta zo da Passat da Corrado a 1988, aka kuma sa wa Golf 3 mai injin VR6. Ita da waya ake sa mata lamba, kulocinta na mai ne, don haka ɗaura ta a Golf 2 aiki ne na kwanaki.

Amma duk wannan kayan ado ne idan ba a iya rufewa ba. Boris ɗin da ke riƙe sanduna suna son matsi daidai wa daida, kuma da siraran washa ake saita shi, waɗanda bambancin kaurinsu bai kai na gashin kai ba. Ya yi sako-sako, sanda ta yi rawa ta ci haƙora. Ya matse da yawa, boris ya ƙone. Ana ɗora agogon awo a kan sanda, a ɗaga ta a sauke, a karanta allura, a yi lissafi, a zaɓi washa. Na ga ogan ya haɗa kwanson ya sake raba shi sau uku a kan wannan. Saurayin ya fara duba agogon hannunsa.

"Oga, ba za ta tashi yau ba ke nan?"

"Idan yau kake so, ga masu ɗaura ta Beljiyam can. Awa uku ka tafi."

Saurayin ya yi shiru ya koma benci.

Kwana biyu bayan haka motar ta koma hannun mai ƙafa. Ƙafar Golf mai sauƙi ce. A gaba, sifirin da shokozoba a haɗe suke sanda guda, tsarin da ke ɗauke da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson. A baya kuma ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, yana murɗewa kaɗan idan mota ta karkata. Shi ya sa GTI take ɗaga tayar baya ɗaya a kwana mai zafi, kamar kare a gindin bango. Mai ƙafa ya fara da abin da ba a gani: robobin bushin da suka tsattsage, da kan shokozoba na sama, da bol-joyin da tayarod. Sababbin sifirin a kan matattun robobi ɓarnar kuɗi ce. Wasu suna sa bushin na roba mai tauri da ba ta saurin mutuwa, sitiyari ya ƙara kaifi, amma duk tsakuwar da aka taka sai ta iso ƙugu. Na lura bai ƙarasa ɗaure notin bushin ba sai da ya sauke motar daga jak ta tsaya da nauyinta. Idan aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi shekara ba.

Shokozoba na kirki yana da sunaye: Bilstein na Jamus, mai iskar gas da ke hana man cikinsa kumfa idan ya yi zafi, da Koni na Holan, wanda ake iya ƙara masa tauri ko a sassauta. Sifirin kuma Eibach ko H&R. Abin da mai sana'a ya sani, mai sayen kaya bai sani ba, shi ne dole su dace da juna. Gajeren sifirin mai tauri a kan tsohon shokozoba mai laushi yana sa mota tsalle kamar akuya. Saukar da mota ma yana da iyaka. Kaɗan yana gyara zamanta a kwana. Idan aka zarce har hannuwan ƙasa suka daina kwanciya suka kalli sama, lissafin da injiniyoyi suka yi ya rushe: mota ta fi kyau a hoto, ta fi muni a hanya, kowane rami yana fizgar sitiyari. Masu yanke sifirin da wutar walda kuwa, Allah ya shirye su, don zafi yana kashe ƙarfen, ranar da zai karye ba ya sallama.

Peugeot 205 GTI tata cutar a baya take. Ba ta da sifirin mai naɗi a can; sandunan ƙarfe ne a kwance suke murɗewa, hannuwan taya kuma suna juyawa a kan boris masu siraran allurai. Ruwa ya samu hanya ya shiga, allurai su yi tsatsa su ci sandar da suke kai, sai ka ga tayoyin baya sun karkato ciki ta sama. Duk wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar 206 ko 306 a titunanmu ya san wannan tsayuwar gwame, don tsarinsu dangi ɗaya ne. A Faransa da Ingila akwai masu rumfar da sana'arsu ke nan kawai: su fitar da cinyayyar sanda da injin matsi, su sa sabuwa da sababbin boris, su mayar da sandunan murɗi a kan haƙoran da za su ba mota tsayin da ake so. Kuskuren haƙori ɗaya, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

A Jamus ba ka isa ka sauke motarka yadda ka ga dama ba. Kayan da ka sa sai da takardar amincewa, ko masu duba lafiyar mota irin su TÜV su gani su shigar a takardun mota. Tun 1997 kuma motar da ta cika shekara 30 tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, ta kayan tarihi, muddin sauye-sauyen da ke jikinta irin na zamaninta ne. Wannan doka ta sa mai gyara ya zama mai adana tarihi. Mu a nan hanya ce mai duba mu, kuma hukuncinta ya saɓa da nasu. Bajamushe yana biya a sauke masa Golf. Direban tasha yana biya a ɗaga masa ita, a sa mata sifirin mai kauri a baya don ta ɗauki buhuna ta tsallake gargada. Ban ga abin dariya a nan ba. Ilimi ɗaya ne, tambayar ce ta bambanta. Mai ƙafar ma abin da ya gaya wa saurayin ke nan, cewa ya bar ta a tsayinta na kamfani ya sa shokozoba mai kyau, in ba haka ba kwanon baƙin mai zai bari a kan tudun rage gudu na farko.

Abin da ke damuna shi ne masu buɗe giya suna ƙarewa. Lissafin a fili yake: ɗaura ta Beljiyam aikin yini ɗaya ne, buɗewa da aunawa aikin kwana uku, kuma mai mota ba ya son biyan kuɗin abin da bai gani ba. Yaro yakan yi shekaru a gareji ya ƙware a saukewa da ɗaurawa, a yaye shi bai taɓa riƙe agogon awo ba. Sai dai ita ta Beljiyam ɗin ba daga sama take saukowa ba. An daina ƙera Golf 2 a Jamus tun 1992, Golf 3 kuma kafin ƙarshen shekarun 1990. Kowace giya da ke jibge a Kofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ta riga ta yi rayuwa guda a wata ƙasa, da ribitinta da cinyayyen zobenta a ciki, kuma babu mai ƙera sabuwa da za ta maye gurbinta a jibgin. Wadda ogan ya rufe a gabana ta fi kowacce a cikinsu, don shi ya san abin da ke cikinta.

Da aka gama, shi ya fara jan motar, saurayin a gefensa. Na ji su sun fita layin, ɗaya, biyu, uku, babu gurnani. Da suka dawo ya miƙa makulli, ya kuma miƙa masa tsofaffin zobba da karyayyen ribiti guda a cikin leda, ya ce ya ajiye.

Kai kuma mai Golf, ta haya ce ko ta gayu, gobe kafin ka ɗauki hanya ka sa a kwance notin gefen giyarka a duba mai. Ka tsaya a wurin, ka gani da idonka.